Kalma Ɗaya a Takardar Ilham

Shekara uku Ilham tana taimakon mata masu zuwa awon ciki a likitar Kanambakashe, wato asibitin garin, har babu ƙauyen da ba a san sunanta ba. Da ta nemi shiga wata makarantar ungozoma a Nijeriya, aka ce ta haɗo da takardar shaida da Ingilishi. Sai ta nufi kawunta Mushe Maman Sani (Mushe wato "Monsieur", laƙabin malaman boko), tsohon malamin makaranta da kowa ke kai wa rubutu.

Faransanci kam ya sha shi, amma Ingilishinsa ɗan guntun da ya rage tun kwaleji ne. Yana so ya ce yarinyar sananniya ce, sai ya tuna "notoriété", wato suna da ɗaukaka a Faransanci. Ya rubuta "notorious".

Ilham ta ce, "Kawu, ko mu nuna wa Madam Raihana mai koyar da Ingilishi?"

"Raihanar da ni na koya mata riƙon alli? Ɗauki takardarki ki tafi."

Bayan wata biyu amsa ta zo. Makarantar ta ce ba ta karɓar wadda mutanen garinsu suka shaida da mugun suna. Ƙawayenta biyu da suka nema tare suka samu shiga, suka tafi suka bar ta. Magana ta bazu, har wasu mata suka fara raɗa, suna tambayar me ta aikata. Ilham ta daina fita.

Abin ya hana Maman Sani sukuni. Ya ɗauki kwafin takardar, ya taka da ƙafarsa har gidan Raihana. Tana karantawa ta dafe baki.

"Baba, 'notorious' ai wanda ya yi ƙaurin suna ne, kamar ɓarawon da ya addabi gari. Sananne shi ne 'well-known'. Shahararre 'famous'. Wanda jama'a ke ƙauna kuwa 'popular'."

Sai ya zaro biro daga aljihu ya ce, "Ƴata, faɗa mini in rubuta."

Shi da kansa ya shiga mota ya kai sabuwar takardar, ya tsaya gaban shugabar makarantar ya ce kuskuren nasa ne. Da ya dawo ma haka ya faɗa a gaban jama'a bayan sallar Juma'a.

Shekara guda ta tafi wa Ilham, amma da aka sake ɗaukar ɗalibai sunanta ne a sama. Yanzu tana aji biyu.

Jama'a, kalmar da ba mu tabbatar da ma'anarta ba, mu tambayi wanda ya sani, ko da ɗan cikinmu ne. Kunyar tambaya takan jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba.