Ɗigon Jan Fenti

Firjin karafan, ɗakin nan da ake ja da mota, ya mutu a hanyar Ɗa'if, ga allurar ciwon sukarin Hajiya, mahaifiyar Abdulrazak, a ciki. Abdulrazak ya ɗaga murfi, ya tarar batiri ya ƙare, wayoyi na reto inda akwatin caji yake a da, babu shi.

Dinamon sabuwar motarsa mai wayo ne. Da batirin mota ya cika sai ya rage wuta, ba ruwansa da ɗakin da ake ja a baya. Shi ya sa Ɗaso, mai gyaran wutar mota a unguwar Utaibiyya ta Makka, ya haɗa masa akwatin don cajin batirin karafan. Abdulrazak ya ɗiga wa akwatin jan fenti, kamar yadda yake yi wa duk kayansa.

"Wallahi Ɗaso ne ya kwance ya sayar, Yaya," in ji ƙaninsa Sa'ud, wanda ya biyo su da nasa karafan.

Ɗaso, mutumin da ke cin tuwon gidansu tun mahaifinsu na da rai! Zuciya ta ɗebi Abdulrazak. Ya san Ɗaso ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Ya kira hukuma, ya kwatanta musu shagonsa.

Da suka isa, ya kai allurar firjin karafan ɗin Sa'ud. Sanyi ƙalau. Ya sunkuya, sai ga akwatin cajinsa a gefen batirin Sa'ud, da ɗigon jan fenti.

Wayarsa ta yi ƙara. Matar Ɗaso ce, tana kuka.

"Alhaji, sun tafi da shi. Ya ce in kira ka, kai kaɗai gare shi a Makka."