Jiƙaƙƙen Tsumma

Na murɗa makulli, motar ta yi tari, ta yi shiru. Dawowata ke nan daga kasuwa na tarar da jaririna jiki kamar garwashi, ga mota ta ƙi tashi mu tafi asibiti.

Na kira makanike ina kuka. "Wane irin gyara ka yi min?"

"Hajiya, kwayil ɗin inji ne. In ya ɗau zafi ba ya ba da wuta. Jiƙa tsumma ki ɗora masa ya huce."

Na fito ina tsine wa motar, na zagaya bayanta in ɗauko tsumma a but.

Yayar jaririn, 'yar shekara biyu, wadda na bar wa kakarta a ɗaki, tana zaune a gindin tayar baya tana wasan ƙasa. Da a ce motar ta tashi, da baya zan fita.

"Mama, ina za mu?"