Kan Injin Babur ɗin Kawu

Kwaɗayi mugun ciwo ne, mai shi kan tafi neman gira ya rasa ido.

Dogo bakanike ya kwance kan injin tsohon babur ɗin kawunsa, irin wanda aka daina ƙerawa tuntuni. Ya wanke shi da kananzir, ya kankare baƙin hayaƙi. Ƙarfe ya fito garau, ba tabo. Nan zuciya ta raya masa cewa in ya ce ya lalace, tsoho zai bar masa babur ɗin. Sai ya ɗauki ƙusa ya ja siririn layi a jikin ƙarfen, tsakanin ramukan bawul biyu, don ya yi kama da tsagewa.

Da Kawu ya zo, Dogo ya marairaice. "Kawu, sai haƙuri, ya tsage. Wanda ya hau shi, a tsakiyar titi zai fashe masa."

"Ba ya gyaruwa?"

"Ko walda ba ta kama shi. Bar shi nan kawai."

Tsoho ya daɗe yana shafa ƙarfen. "A'a. Wani marar tsoron Allah zai tsince shi ya ɗaura wa ɗan mutane. Miƙo min guduma."

Dogo na kallo aka farfasa shi.

"Kaico, ɗan ƙanwata," in ji Kawu yana share gumi. "Ƙafata ba ta iya tayar da babur yanzu. Da ma gyara na kawo don in ba ka shi yana tafiya."

Dogo ya rasa babur, ya rasa kan injin da ba shi da na biyu, ya kuma rasa bakin gaya wa kowa.