Shawarar Malam Tanimu

Tun da mutane suka fara manna na'urar ba da shawara a bayan kunne, makarantun lesin bakwai aka buɗe a layinmu. Kowacce da koren fenti, kowacce babu ɗalibai.

'Yata Dije ta bar aikinta don ta buɗe tata a zaurena. Na'urarta ta ce ta shafa koren fenti, yara za su zo.

Na ce, "Cire abin nan. Mutum za mu tambaya."

Na kai ta wurin Malam Tanimu, wanda ya shekara arba'in yana koyarwa. Ya saurare ta, ya taɓa bayan kunnensa.

Ya ce, "Yarinya, ki shafa koren fenti."

Dije ta dube ni. "Baba, gwangwani nawa zan sayo?"