Baragurbi

Inna ta ɗaga fiffiken kazar a hankali, ta zare ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa, ta cusa 'yan tsakin da ta sayo.

Na ce, "Ba za ta caccake su ba?"

Ta ce, "In dai an cire baragurbin, rungume su take yi. Tana jin kukansu ta manta da nata."

Na jiyo dariyar 'ya'yan ƙanwarta da ta ɗauko riƙo tana tashi daga ɗakina. Ni ɗanta na cikinta, da na dawo gida ba aikin yi, katifata tana jingine a bakin ƙofa.

Ta miƙo mini ƙwan, da sauran ɗuminsa.

"Fita da shi, kada ya fashe mana a gida."

Ba ƙwan take kallo ba.