Shayin da Rairayi Ya Sha

Wata huɗu Ramatu tana haɗiyar ƙwayoyin tarin fuka, an ware mata kofi a gida, har ta fara ƙyamar hannunta. Sai ranar Juma'a Alkasum maƙerin azurfa, wanda aka sa musu rana, ya tuna hanyar gidansu. Ya zauna can bakin ƙofa, ya ja rawani har gindin ido, kai ka ce ayari zai raka Bilma.

"Lokotoron asibiti ya ce tuni na daina yaɗa shi," in ji ta, ta miƙa masa shayi.

"Alhamdulillahi." Ya karɓa da yatsa biyu.

Tana juyawa gyara gawayi, ta ji tsiyaya. Kofi ya koma wayam, rairayin gefen takalminsa ya jiƙe, har da kumfa.

"Ya yi daɗi?"

"Sosai, Ramatu."

Ta zare zoben da ya ƙera mata, ta ajiye a faranti. Ya sa bakin rawani ya ɗauka.

"Ka tafasa shi kafin ka ba wata," ta ce. "Ni saura wata biyu in warke. Kai fa?"