Jarkar Da Ba Ta Raguwa

Malama Asabe, kin ce ajinki ya fi kowane aji natsuwa, tun farkon zango babu ɗalibin da ya ɗaga hannu ya yi miki tambaya. Na ji. Kafin in ce miki madalla, bari in ba ki misalin wani mai gyaran famfo.

A wani gari na kan tudu, inda itatuwan nan masu ganye kamar allura suke fitowa, jama'ar wata coci sukan sare ɗaya su kafa a gaba saboda Kirsimeti. A wata shekara itacen ya bushe tun kafin ranar bikin, domin wanda aka ɗora wa ba shi ruwa mantuwa gare shi. Da shekara ta zagayo sai mai gyaran famfo ya miƙe a gaban dattawa ya ce a bar masa aikin. Ya ce in ganye ɗaya ya faɗi kafin ranar, kada kowa ya ƙara kiransa gyaran ko da bututu ne. Mutumin kuwa ya iya aikinsa. Ya ɗora jarka a kan kujera, ya jawo siririn tiyo daga gindinta zuwa bokitin da itacen zai zauna, ya sa ƙwallon roba irin na tankin ruwa. In ruwan bokiti ya ragu ƙwallon ya sauka, ruwa ya shigo. In ya cika ƙwallon ya tashi ya toshe. Ya gwada sau uku, bai ga aibu ba. Saura kwana goma sha biyu a yi bikin aka sare itacen da safe, amma bai iso ba sai la'asar, don mai a-kori-kurar ya tsaya lodin dankali a hanya, itacen yana kwance a rana. Yana isowa aka tsoma gindinsa a bokiti. Mai gyaran famfo ya cika jarka, ya ja layi da gawayi daidai inda ruwan ya tsaya, ya tafi gida yana fito.

Kwana ɗaya, ruwa yana kan layi. Kwana uku, yana kan layi. Duk wanda ya shigo sai ya kamo hannunsa ya nuna masa, yana cewa a duba aikin gwani, ko ɗigo ba ya yoyo. Akwai wata tsohuwa mai sharar cocin, wadda ta yi shekara talatin tana sayar da itacen girki kafin bayanta ya hana ta. Ita ba ta san ƙwallo ba, ba ta san tiyo ba, tsintsiyarta kawai ta sani. Ran farko ta share ganyen da bai cika tafin hannu ba, rana ta huɗu ta kwashe cikin kwano. Ta same shi yana goge jarkarsa da tsumma, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce ta ga ruwansa ba ya raguwa. Ya yi dariya ya ce ai wannan shi ne ilimin, Mama ta bar wa masu boko.

Ta ce, "Ɗana, in ka ajiye wa baƙo tuwo kwana huɗu bai taɓa ba, kai sai ka yi ta yabon kwanonka?"

Ya ce zai duba, amma bai duba ba, domin ɗaga itacen yana nufin kwance fitilu da ƙyalle-ƙyalen da zumuntar mata suka yini suna ɗaurawa, ga kuma kunyar a gan shi yana kwance abin da ya gama yabo. Sai rana ta shida, da ya shafa reshen ƙasa ganye ya biyo hannunsa, ya kira maza biyu suka ciro itacen. Gindin yana jiƙe sharkaf ta waje, amma fuskar saran ta toshe da ƙaro, ya daskare kamar kakin kyandir. Tun a bayan mota rana ta rufe bakin. Kwana shida itacen yana tsaye a cikin ruwa, bai sha ko kurɓi ɗaya ba. Tsohuwar ta nuna masa da yatsu biyu iya abin da zai yanke. Ya sa zarto ya cire, farin itace ɗanye ya bayyana, suka mai da shi bokiti nan take. Washegari ruwan jarka ya sauka ƙasa da layin gawayi da taƙi guda, rana ta gaba ma haka. Saman itacen ya farfaɗo, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Amma rassa uku na ƙasa sun riga sun tafi, da hannunsa ya sare su. Ranar Kirsimeti itacen ya tsaya kore shar daga sama, ƙafarsa tsirara kamar ta zalɓe, dattawa suna dubansa suna duban mai gyaran famfo. Bai jira an tambaye shi ba, ya ce na'urarsa ba ta yi laifi ba, shi ne ya tsaya kallon jarka ya manta da mai sha.

To, Malama, darasinki a shirye yake, allonki tsaf, ban ga inda yake yoyo ba. Amma zango guda babu tambaya, ruwan yana kan layi ke nan. Gobe ki ajiye alli, ki sa kowane ɗalibi ya faɗa miki da bakinsa abin da ya gane, tun rassan ƙasa ba su tafi ba. Abinci yana iya kasancewa a ƙarƙashin mai jin yunwa bai ci ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.